Ɗakin Agwagi da Kuɗin Talakawa: Abin da Ya Faru a Majalisar Birtaniya

A zangon karatu na biyu ina koya wa 'yan aji biyar tsarin mulkin Birtaniya, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai Turawa ba sa sata. Da can aka haife mu da mun huta." Duk ajin ya goyi bayansa. Ban tsawata masa ba, gama ni ma da wannan tunani na tashi. Amma na yi masa alkawari zan ba shi amsa a rubuce, ga ta nan, domin shi da sauran ɗalibai.

Littafin da kuke karantawa don jarrabawa ya gaya muku cewa Birtaniya tana da majalisa biyu, ta wakilan jama'a da ta dattawa, ya kuma gaya muku aikin Kakaki da na Firayim Minista. Duk wannan gaskiya ne. Abin da bai gaya muku ba shi ne abin da ya auku a wannan majalisa a shekarar 2009, wanda ya sa mutanen ƙasar suka ji kunyar wakilansu fiye da yadda suka taɓa ji a zamaninmu.

Yadda abin ya samo asali

A dā ba a biyan ɗan majalisar Birtaniya ko kwabo. Saboda haka sai mai gona da dukiya kaɗai yake iya zama wakili. A 1911 aka fara biyan albashi, fam 400 a shekara, domin ɗan ma'aikaci ma ya iya shiga. Niyya ce mai kyau. A 1971 kuma aka ƙara wani alawus saboda wakilan da mazaɓunsu ke nesa da Landan. Mutumin da jama'arsa suke arewacin ƙasar, majalisa kuwa tana Landan, dole ya sami wurin kwana biyu, sai aka ce gwamnati za ta ɗauki nauyin gida na biyu. Wannan ma ba wanda zai ce ba daidai ba ne.

Ɓarnar ta shigo a hankali, kamar yadda gara take cin azara. Gwamnatoci suna tsoron ƙara wa 'yan majalisa albashi a fili don kada jama'a su yi surutu, sai aka bar alawus yana ta kumbura a ɓoye. Kafin 2009 albashin ɗan majalisa ya kai fam 64,766 a shekara, alawus na gida na biyu kuma ya kai wajen fam 24,000. Ku riƙe wannan adadi na biyu da kyau. Matsakaicin ma'aikaci a ƙasar, mai aiki daga safe har yamma, abin da yake samu a shekara bai wuce wannan da yawa ba. Wato abin da ake ba wakili don gyaran gidansa na biyu ya kusan kai gumin shekara guda na mutumin da ya zaɓe shi.

Ga kuma yadda ƙa'idar take. Ɗan majalisa yana iya karɓar fam 400 kowane wata na abinci ba tare da ya nuna rasit ba. Har zuwa 2008, duk abin da bai kai fam 250 ba, ba a tambayarsa rasit. Akwai jerin farashi da ofishin biyan kuɗi yake aiki da shi a asirce, wanda ya yarda a kashe har fam 10,000 wajen gyaran ɗakin girki, fam 750 kuma wajen sayen talabijin. Wa ya rubuta waɗannan ƙa'idodi? 'Yan majalisa. Wa yake lura da ofishin da ke biya? 'Yan majalisa. An ba kura ajiyar nama, an kuma ce ita za ta riƙa ƙirga shi.

Matar da ta ƙi yin shiru

A shekarar 2000 wannan majalisa ta kafa dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta fara aiki sosai a Janairun 2005. Dokar ta ce kowane mutum yana da iko ya tambayi ofishin gwamnati yadda ake kashe kuɗin haraji. Wata 'yar jarida mai suna Heather Brooke, tare da waɗansu 'yan jarida biyu, suka ce to, a nuna mana rasit na 'yan majalisa. Hukumomin majalisa suka ƙi. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, kuma da kuɗin jama'a aka biya lauyoyin da suke hana jama'a gani. A 2007 ma majalisar wakilai ta amince da wani ƙuduri na cire kanta daga ƙarƙashin dokar da ita ta kafa, sai dai ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa don ba a sami wanda zai ɗauke shi ba. A watan Mayun 2008 Babbar Kotu ta yanke hukunci cewa dole a buga.

Majalisa ta shiga shirin bugawa, amma tana shafe adireshi da waɗansu bayanai da baƙin tawada. Kafin ta gama, wani daga cikin masu wannan aiki ya fitar da faifan kwamfuta mai ɗauke da komai ba shafewa. Jaridar Daily Telegraph ta saye shi a kan fam 110,000. 'Yan jaridar sun faɗa daga baya cewa abin da ya harzuƙa mutumin shi ne ganin sojojin da suke gadin wurin, waɗanda suke aikin a lokacin hutunsu don su sami kuɗin sayen kayan kare jiki kafin su koma fagen yaƙi, alhali takardun da ke gabansa suna nuna manya suna sayen kujeru da labule da kuɗin gwamnati. Ran 8 ga Mayu 2009 jaridar ta fara bugawa, ta kuwa yi makonni tana yi, kullum da sabon suna.

Da majalisa ta fitar da nata kwafin a watan Yuni, shafuffuka da yawa baƙi ƙirin suke. Da wannan kaɗai aka samu, da babbar dabarar ba ta tonu ba, domin sai da adireshi ake gane ta.

Juya gida

Dabarar ita ce wannan, kuma ina so ku bi ta a hankali. Ɗan majalisa yana da gida a Landan da gida a mazaɓarsa. Shi ne yake faɗa wa ofis wanne ne "na biyu". Bana sai ya ce na Landan ne, gwamnati ta biya fenti da kayan ɗaki da ruwan bashin da ya ci ya sayi gidan. Baɗi sai ya ce a'a, na mazaɓa ne na biyu, a gyara wannan kuma. Ta haka gidaje biyu sun gyaru da kuɗin haraji. In ya tashi sayar da ɗaya, sai ya gaya wa ofishin haraji cewa wannan ne ainihin gidansa, gama a dokar ƙasar ba a biyan harajin riba a kan gidan da mutum yake zaune a ciki. Gida ɗaya, suna biyu: a gaban majalisa na biyu ne, a gaban masu haraji na fari ne. Wata minista, Hazel Blears, da abin ya tonu, ta fito a talabijin tana nuna cakin fam 13,332 da za ta kai wa ofishin haraji, tana kuma cewa ba ta karya doka ba. Abin baƙin ciki, bisa ga rubutacciyar ƙa'ida, tana da hujja.

Sauran abubuwan da aka gani, waɗansu sun ba da dariya, waɗansu sun ba da haushi. Douglas Hogg, mai tsohon gidan gona irin na sarauta, an ga fam 2,115 na yashe ramin ruwan da ya kewaye gidansa a cikin takardun da ya miƙa. Ya yi musun cewa ya nemi a biya wannan, amma ya mai da kuɗi. Sir Peter Viggers ya sa fam 1,645 na wani ɗan ɗaki mai yawo a kan tafki, wanda ya saya wa agwaginsa. Wata ministar ta nemi a biya ta kwabo 88 na abin toshe kwamin wanka. Margaret Moran, wakiliyar Luton ta kudu, ta karɓi fam 22,500 don gyaran katakon wani gida a Southampton, garin da ba mazaɓarta ba ne, ba kuma Landan ba. Wakilin ɗaya ɓangaren na Luton kuwa jirgin ƙasa yake hawa ya je majalisa ya komo gida, kamar sauran ma'aikatan garin. Na kawo shi don kada ku ce duka ɗaya suke. Ƙa'ida ɗaya aka ba su biyun, kowa ya yi da ita abin da zuciyarsa ta ce.

Abin ya shafi dukan manyan jam'iyyu, Leba mai mulki a lokacin da masu ra'ayin riƙau da ke adawa. Wani wakili, Anthony Steen, da aka tambaye shi a rediyo, ya ce hassada ce kawai take damun mutane domin gidansa babba ne. Daga baya ya nemi gafara, amma maganar ta riga ta nuna abin da ke ciki. Ba su ɗauki kansu ɓarayi ba ko kaɗan. Gani suke hakkinsu ne.

Me ya sa jama'a suka fusata haka?

In an auna da dukiyar Birtaniya, kuɗin ba su da yawa. Lokacin ne ya yi muni. A 2008 bankuna sun durƙushe, gwamnati ta zuba wajen fam biliyan 45 na jama'a don ceto banki ɗaya tak, Royal Bank of Scotland. Shugaban da ya kai bankin ga rami, Fred Goodwin, ya sauka da fansho na wajen fam 700,000 a shekara. Da aka yi ta kuka ya yarda aka rage shi kusan rabi, a 2012 kuma aka ƙwace lambar girmar da Sarauniya ta ba shi, amma bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. A wannan lokaci mutane suna rasa aiki da gidaje, mafi ƙarancin lada kuwa fam 5 da kwabo 73 ne a awa. Gwamnati tana manna sanarwa tana gargaɗin matalauta masu karɓar tallafi cewa duk wanda ya ɓoye ɗan aikin da yake yi za a kama shi a matsayin ɓarawo. Sai ga masu sa hannu a wannan doka suna juya gidaje.

Daga 2010 sabuwar gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rage tallafi da kuɗin ƙananan hukumomi. Wata ƙungiya da Kirista suka kafa, Trussell Trust, wadda take raba abinci ga mabukata, yawanci a majami'u, ta ba da taimako wajen 41,000 a shekarar 2009 zuwa 2010. Bayan shekara biyar adadin ya haura miliyan 1. Wannan a ƙasar da take cikin mafi arziki a duniya.

Hukunci

A nan dole in yi adalci, domin amsar da nake ba ɗalibina tana da fuska biyu. An yi hukunci. Kakakin majalisa, Michael Martin, wanda ya tsaya kai da fata a kan ɓoye takardun, an tilasta masa sauka. Rabon da a kori Kakaki tun 1695. An naɗa wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati, Sir Thomas Legg, ya bincika takardun, ya umarci wakilai na lokacin da na dā wajen 390 su mai da kuɗi sama da fam miliyan 1. Firayim Minista Gordon Brown kansa ya mai da fam 12,415 na shara da gyaran lambu. Aka kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa lura da albashi da alawus, aka kuma fara buga abin da kowane wakili ya karɓa don kowa ya gani. A zaɓen 2010 wakilai kusan 150 ba su sake tsayawa ba, ko da yake ba duka ne saboda wannan ba.

Waɗanda suka yi ƙarya ƙiri-ƙiri an kai su kotu. Elliot Morley, tsohon minista, ya yi ta karɓar kuɗin bashin gida bayan ya riga ya gama biyan bashin. David Chaytor ya karɓi kuɗin haya a kan gidan da yake nasa ne. Ku ji abin da suka fara yi. Su biyu da Jim Devine suka ce kotu ba ta da ikon yi musu shari'a, wai wata tsohuwar doka ta 1689 ta ba majalisa kariya. Dokar kuwa an yi ta ne don kada sarki ya kama wakili saboda maganar da ya yi a zauren majalisa. Garkuwar da aka ƙera don kare mai faɗin gaskiya, ita suka ɗauka don kare rasit na ƙarya. Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a ƙarshen 2010. Chaytor ya sami wata 18, Morley da Devine wata 16 kowanne. Jimlar waɗanda aka ɗaure, wakilai biyar ne da dattawa biyu.

Bakwai ke nan, cikin ɗaruruwan da suka mai da kuɗi. Yawancin sauran ba a iya kama su ba domin abin da suka yi yana cikin ƙa'ida. Michael Martin kuwa, watanni kaɗan bayan saukarsa, aka ba shi kujera a majalisar dattawa. Mai ramin ruwa ma, Douglas Hogg, ya sami tasa kujerar a 2015.

Ga wani awo da nake so ku yi da kanku. A watan Agustan 2011 aka yi tarzoma a Landan, aka fasa kantuna. Wani ɗalibi ɗan shekara 23, wanda bai taɓa laifi ba, ya shiga wani kanti da aka riga aka fasa a unguwar Brixton ya ɗauki ruwan sha na kwalba, na fam uku da rabi. Aka ɗaure shi wata shida. A Disambar 2013 aka yanke wa tsohon minista Denis MacShane hukunci saboda rasit na ƙarya guda 19, na fam 12,900. Shi ma wata shida. Alƙalai suna da dalilansu: na farko a cikin tarzoma ya yi, ana kuma so a tsorata waɗansu, na biyu kotu ta yarda ba don ya azurta kansa ya yi ba. Na ji dalilan. Duk da haka, in na ajiye fam uku da rabi a gefe ɗaya, fam 12,900 a ɗaya gefen, na ga ma'auni ya tsaya daidai, sai in ce a duba ma'aunin.

Ba na cewa an ba alƙali toshiyar baki. A irin waɗannan ƙasashe abin ya fi haka laushi. Wajen kashi 7 cikin 100 na mutanen Birtaniya ne suka yi makarantun kuɗi masu tsada, amma wani bincike na 2019 ya nuna kashi 65 cikin 100 na manyan alƙalai daga can suka fito. Makaranta ɗaya, Eton, ta fitar da Firayim Minista 20. In mai yin doka da mai shari'a da mai banki sun tashi a ɗakin kwana ɗaya, ba sa bukatar su haɗa baki. Kowa yana ganin kuskuren ɗan'uwansa a matsayin tuntuɓe, na baƙo kuwa a matsayin hali.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya riga ya gani

Ku buɗe 2 Sama'ila sura 12. Annabi Natan ya ba Sarki Dawuda labarin attajiri mai garkuna wanda ya yi baƙo, ya bar nasa ya kama 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci. Dawuda ya husata ƙwarai, bai gane da shi ake ba sai da aka nuna shi da yatsa. Abin lura shi ne Dawuda ba ya wasan kwaikwayo. Da gaske yake ƙin zalunci, sai dai ba ya ganinsa a gidansa. Da yawa cikin wakilan nan haka suke, sun yi jawabai masu zafi a kan masu cutar gwamnati, da zuciya ɗaya kuma. A Ishaya sura 10 annabin ya bar ɓarawon dare ya juya kan masu riƙe da alƙalami, waɗanda dokar da suke rubutawa ita ce take cinye hakkin gwauruwa da maraya. Saboda haka "na bi ƙa'ida" ba amsa ba ce in kai ne ka rubuta ƙa'idar. A Luka 19 kuma Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, ninki huɗu ya ce zai mayar. Wakilan Birtaniya abin da suka ɗauka kaɗai suka mayar, bayan an tona, waɗansu ma sai da suka ɗaukaka ƙara a kan adadin.

Ina rubuta wannan ina tuna kaina. Wata shekara aka aike ni wani taron malamai, aka ba mu takardar neman kuɗin mota da na kwana. Na kwana a gidan ɗan'uwana kyauta. Wanda ke kusa da ni ya ce in cika kuɗin masauki, ai kowa haka yake yi, ba a kuma tambayar rasit. Na cika. Kuɗin ba su kai na buhun masara ba, ba wanda ya taɓa tambayata, amma ban manta ba har yau. Ku da kuke rabon abinci a ɗakin cin abinci, ku da kuke riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai, kun san irin wannan murya. Ba ta cewa "yi sata". Cewa take "hakkinka ne".

To ɗalibina, Turawa suna sata. Abin da suke da shi wanda ya kamata ka yi kishinsa shi ne 'yar jarida da ta yi shekaru tana shari'a ba a ɓatar da ita ba, da kotun da ta ce wa majalisa a'a, da takardun da aka adana har aka iya binciken kwabo 88. Mu ma muna da dokar 'yancin samun bayanai a Nijeriya tun 2011. In ka girma ka gwada aiki da ita. Kada kuma ka manta cewa Landan ɗin nan ce wurin da kuɗin da ake sacewa a ƙasashenmu suke zuwa su zama gidaje. A can aka ɗaure tsohon gwamnan Delta, James Ibori, shekara 13 a 2012, tare da lauyansa na Landan wanda ya taimaka masa ya ɓoye kuɗin, wanda shi tun kafin nan aka ɗaure shi.

Na san za ku tambaye ni ƙarshen ɗakin agwagi. Ofishin biyan kuɗi bai ma biya wannan ba, ko da yake ya biya mai shi dubban fam na aikin lambu. Shugaban jam'iyyarsa ya ce masa kada ya sake tsayawa zaɓe, ya kuwa bar majalisa a 2010 bayan shekara 36 a cikinta. A takardar neman gafara da ya fitar ya ce ya ji kunya ƙwarai, ya ƙara da cewa agwagin ma ba su taɓa son ɗakin ba.